Yadda Aka Mai Da Yayana Makiyayi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Talata, sha ɗaya ga watan azumin bana. Mu uku ne a tsakar gidanmu na Makera: ni a kan tabarma, Hajiya Asabe matata tana tace kunun tsamiya, sai Yaya Hajara, matar marigayi yayana, tana gyaran wake a faranti. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Shekara goma sha tara na yi ina aikin tankifa a masaƙa, ina rubuta lokacin shigar ma'aikata da na fitarsu, kuma har yau ba na jin motsi a ƙofa ban duba agogo ba.

Keke ya tsaya a waje. Na ji direban ya ɗaga murya ya ce, "Madam, ga Gidan Makiyayi nan, sauka."

Aka yi sallama ban amsa ba. Hajiya ce ta amsa. Wata mata ta shigo da jaka a kafaɗa, za ta yi shekara talatin da biyar, ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba. Yaya ibada? Ni ce Kaneng, 'yar Ticha Pam."

Yaya Hajara ta ajiye faranti. "Kaneng? Wadda na goya a bayan nan nawa? Zo nan in gan ki, ja'ira."

Suka yi ta murnarsu, ni ina kallo. Da suka lafa sai ta juyo gare ni. Ta ce mahaifinta yana Mahuta a kwance, ba ya iya tashi, ido ma ya tafi. Ta ce ya aiko ta ne a kan wata takarda da ke hannuna, waƙar da ya rubuta da Turanci tun tana goye, yana so a karanta masa ita ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance.

Na ce mata ta zauna. Ta zauna, kuma na bar ta a zaune har rana ta kusa faɗuwa. Hajiya ta ce wannan ba halin mai azumi ba ne. To ga dalilina, bi da bi, kowa ya auna.

Azumin shekarar da aka rubuta waƙar nan a tsakiyar bazara ya faɗo, kamar na bana. Sai an yi shekara talatin da 'yan kai watan yake zagayowa wuri ɗaya, kuma tun ranar farko ta bana jikina ya gane shi. A lokacin gidan nan na haya ne, ɗaki takwas, rufin kwano ba silin. Biyar na Musulmi, uku na Kirista. In rana ta take, kwanon yana ƙara kamar ana taka shi, kuma wanda ya jingina da bango sai ya tashi da shatin gumi a riga. Yara duk sun feso da ƙurajen zafi. Yau ina da fanka mai aiki da hasken rana wadda ɗan yayana ya saya mini, a lokacin kuwa murfin kwali ne fankar kowa.

Ga yadda yini yake tafiya. Bayan sallar asuba famfon gida yakan yi tari, ya zubo bokiti uku ko huɗu, ya ɗauke. Mata sun jera bokitai tun jiya, kowace ta san gurbinta, wadda ta tsallake layi kuwa ranar ba a zaman lafiya. Mu maza sai rijiya. Ita ma ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, kuma abin da ke fitowa rabinsa laka ne, a zuba a randa a jira ya kwanta. Ƙarfe shida saura kwata jiniyar masaƙa ta yi kuka, mu kama hanyar Kakuri a ƙafa. Auduga ta yi ƙaranci a shekarar, saboda haka wasu ranaku tun sha biyu ake sallamar mutane, su fito cikin wannan rana su tako gida, bakinsu ya bushe har ya yi fari a gefe.

Abinci kuwa, tuwon masara da miyar kuka ba mai, in an samu. In ba a samu ba, garin kwaki da ƙuli. Kiristocin gidan su ma suna nasu azumin na kwana arba'in, ya haɗu da namu. Itace ya yi tsada, don haka murhu ɗaya ake hurawa da yamma, kasko ɗaya, matar Ticha Pam da Yaya Hajara da Asabe su karɓi juna wajen suyar ƙosai. Ƙanƙara guda ɗaya ake sayowa wa gidan duka, a naɗe cikin buhu da dusar katako. Yayana ne yake fasa ta da kurfi a kan turmi, kashi takwas, yara suna wawar ɓarɓashi.

Yayana sunansa Salihu, muna ce masa Yaya Sale. Marini ne ɗan marini. Ubanmu Malam Idrisu a bakin karofi ya tsufa a Zariya, kakanmu ma haka. Da Yaya Sale ya zo Kaduna sai ya shiga sashen rini na masaƙa, hannunsa bai taɓa rabuwa da shuɗi ba har wuyan hannu, ko ranar salla. Shi ya kawo ni, shi ya tsaya aka ɗauke ni aiki, kuma ba ni kaɗai ba, samarin unguwarmu da dama a ɗakinsa suka fara kwana a garin nan. Mutum ne mai haƙuri da kowa in ban da akuya. Ya dasa zogale shida a bayan gida yana ba su ruwan alwalarsa, awakin maƙwabta suka sa su a gaba. Na sha ganin babban mutum kamarsa, da azumi a bakinsa, ya cire takalmi ya bi akuya da gudu har bakin titi yana tsine wa uwarta. Labarin ya kai masaƙa. In ya shigo da safe sai a ce, "Sale, yaya abokan gaba? An kwana lafiya a fagen daga?"

Ticha Pam mutumin Filato ne, yana koyar da Turanci a wata sakandare a Trikaniya. Ɗakinsa na kallon namu. Yana da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya cire, cike da tsofaffin waƙoƙin Turawa, na ibada da na kukan mamaci. Bayan la'asar, lokacin da yunwa ta fi cizo kowa ya yi laƙwas a ƙarƙashin mangwaro, shi lokacin yake buɗe shi ya yi ta karantawa da ƙarfi, wai yana shirin darasin gobe. Na gama firamare, ina karanta takardun ofis ba mai taimaka mini, amma wannan Turancin ban san inda ya dosa ba. Kalmomin sun tsufa, an juya su baibai, kamar mai magana da goro cike da baki.

Yaya Sale ne yake biye masa. Ya jawo benci ya ce, "Ticha, wannan kuma me yake cewa?"

"Wannan wani malamin coci ne, ya daɗe da mutuwa. Yana tambayar Allah me ya sa ya yi masa shiru, alhali shi kullum yana kira."

Na ce, "Da wane bakin? Ko foman ɗinmu ba a yi masa wannan tambaya, balle wanda ya halicci foman."

Ticha ya yi dariya. "Tankifa ke nan. Kai ko mala'ikan mutuwa ne ya zo, sai ka duba agogo ka rubuta masa latti."

"Bawa ba ya yi wa ubangijinsa ƙorafi. Roƙo ake yi, a yi shiru."

Yaya Sale ya ce, "Bar shi, Lawal. Mai jin yunwa ne ya rubuta, ba ka ji muryarsa ba? Ci gaba, Ticha."

Ni tashi nake yi in koma bakin rijiya. Ban so waƙoƙin nan ba tun kafin su yi mini komai. Mutum ya tsaya gaban Mahaliccinsa yana ciniki, yau ya yi fushi, gobe ya yi kuka, jibi ya ce sun shirya. Ba tsari, ba ladabi.

Ran sha bakwai ga wata, ƙarfe sha ɗaya da minti goma, Yaya Sale ya faɗi a bakin tukunyar rini. Ta ƙofata aka fito da shi a kafaɗar mutum biyu, kuma ni na rubuta lokacin fitarsa da hannuna, domin aikina ne. Zazzaɓi ya rufe shi, wuyansa ya sanƙare. Sanƙarau na yawo a gari a lokacin. Ran sha tara bayan azahar ya cika. Ƙasar maƙabarta ta yi tauri kamar siminti, masu haƙa duk da azumi, diga tana tashi tana dawowa. Ticha Pam ya tuɓe rigarsa ya karɓi diga, ya yi haƙa har tafinsa ya fashe. Ba zan ɓoye wannan ba, domin ya faru.

A masaƙa akwai allon sanarwa mai gilashi, daidai tagar ofishina. In ma'aikaci ya rasu, 'yan'uwansa kan liƙa hotonsa da 'yar takarda. Na Musulmi layi biyu ne: wane ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na Kirista kuwa a buga da tafireta, da baitoci a ƙarƙashin hoto, har manyan ofis su tsaya su gyara tabarau su karanta. Shekaru ina kallon wannan ta taga. Na ce yayana ba zai tafi da layi biyu ba.

Ranar sadakar uku na sami Ticha na ce, "Marsiyya nake so ka rubuta wa Yaya Sale. Da Turanci."

"Mece ce marsiyya?"

"Waƙar da ake yi wa mamaci."

"A'a, wannan ai ka zo gida. Rabin littafin nan ita ce. Bar mini."

Kuskurena na farko ke nan, ban ƙara masa bayani ba. Na ɗauka marsiyya marsiyya ce a ko'ina. A wurinmu tana da tsari kamar sahun salla. A fara da sunan Allah, a yi salati, a ambaci mamaci da sunansa da na ubansa da garinsu, a faɗi halinsa da sana'arsa, a faɗi ranar da ya rasu, a roƙa masa gafara, a rufe. Wanda bai taɓa ganinsa ba in ya ji, ya san wa aka rasa, ya san wa zai yi wa addu'a.

Kwana uku ya yi yana abu ɗaya. Ya daina karatun yamma, sai rubutu da sokewa, yana ƙirga wani abu da yatsu a kan gwiwa. Ranar Lahadi bayan ya dawo daga coci ya miƙo mini takarda biyu, an buga su tsaf da tafiretar makarantarsu. Na bi layi-layi da yatsa ina neman abu ɗaya.

"Ina sunansa?"

Ya nuna mini wata kalma mai kama da sunan maganin tari. "Ga shi nan."

"Wannan ba Salihu ba ne."

"Haka ake yinta, Tankifa. Ba a kiran mamaci da sunansa tsirara, sai an sa masa riga. Manyan mawaƙa duk haka suka yi. Wanda ya yi karatu yana gani zai gane."

Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ta kama ni. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba, ta hana ni cewa ya fassara mini. Kuskure na biyu. Na uku shi ne ranar Litinin, ƙarfe shida da minti biyar, na buɗe gilashin allo na liƙa takardun da hannuna, na sa hoton Yaya Sale a sama, wanda ya ɗauka da hularsa ta salla.

Ƙarfe goma ake ba da hutun rabin awa. Da yake azumi ne ba mai zuwa wurin masu abinci, sai aka taru a inuwar allon. Akwai wani Ɗanladi Makanike, ya yi sakandare bai gama ba, bakinsa ya fi injin saƙa ƙara. Ya matsa gaba ya ce a yi shiru zai fassara wa jama'a. Ina zaune a tagata, ina jin daɗi.

Ya yi ta motsa baki, can ya ce, "Kai! Jama'a, ashe Sale makiyayi ne ba mu sani ba."

Aka ce, "Wane Salen?"

"Ga hotonsa nan. An ce makiyayi ya mutu, ya bar garkensa a bakin kogi. An ce tumaki da awaki sun taru suna kuka."

Wani daga baya ya ce, "Kukan murna dai!"

Wuri ya fashe. Mai yunwa in ya sami abin dariya ba ya iya tsayawa, na ga manyan mutane suna dafa bango. Ɗanladi ya ɗaga hannu. "Ku tsaya, da saura. An ce sandarsa tana jingine, sarewarsa tana rataye a bishiya ba mai busawa."

"Sale da sarewa?"

"Takalmi dai aka so a ce!"

"An kuma ce kogin Kaduna ya zubar da hawaye, a tsinko furanni a watsa masa. Ga sunayen furannin nan, ni dai ban ga zogale ba."

Sai wani ya yi kukan akuya, wani ya amsa masa daga can wajen sashen saƙa. Kwanan yayana shida a ƙasa. Na nemi sunan Allah a bakin Ɗanladi har ya kai ƙarshen takarda ta biyu, ban ji an roƙa wa mamacin gafara ko sau ɗaya ba. Da jiniya ta yi kuka suka wuce ta gaban tagata ɗaya bayan ɗaya, wasu suna sunkuyar da kai, wasu suna cewa, "Sannu, ƙanen makiyayi."

Da yamma na sami Ticha a ƙarƙashin mangwaro. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta tsaya cik, zafin ya fi na kullum. Ya taso da fara'a yana tambaya ko manyan ofis sun karanta.

Na ce, "Wa ya ce maka yayana makiyayi ne?"

"Ai ba kiwon dabba ake nufi ba. Salon waƙar ke nan, tun kakannin kakanninsu. Kuma a cocinmu babu sunan da ya fi wannan girma, shi muke kiran mai kula da jama'a."

"Ba a cocinku ya mutu ba."

"To annabawa fa? Kai da bakinka ka taɓa gaya mini sun yi kiwo."

"Ban raina kiwo ba, sana'a ce ta mutanen kirki. Amma ba tasa ba ce. Marini ne, ubansa marini, kakansa marini. Ka zauna da shi shekara shida kana ganin hannunsa. Ina shuɗin a takardarka? Ina Zariya? Ina Malam Idrisu?"

Ya ajiye littafin. "Lawal, mutum nawa ya kawo garin nan? Wa ya ciyar da ku kafin ku kama aiki? Wa yake bin ku ɗaki-ɗaki in ɗaya bai dawo ba? Ni abin da na gani na rubuta."

"Wato mu ne awakin."

"Ban ce haka ba."

"Takardarka ta ce, a gaban masaƙa duka."

"Shi da yana raye da ya gane. Yana son waƙoƙin nan."

"Kada ka ƙara sa bakinka a kan abin da yake so. Ka sami gawa ka gwada gwanintar littafinka a kanta, shi ke nan."

Daidai nan ruwan farko ya sauko, manyan ɗigo masu ɗumi, ƙasa ta tashi da ƙamshi. Gida ya rikice, mata suna fito da baho da daro da tukwane suna tarawa a bakin indararo, yara suna tsalle tsirara. Matar Ticha tana ƙwala masa kira ya kawo randa, Asabe tana kirana in ɗauke garin da ta shanya. Mu biyu muna tsaye muna kallon juna, ruwa yana dukanmu. Ya ɗauki littafinsa ya cusa a cikin riga don kada ya jiƙe. Daga ranar ban sake yi masa magana ba, ko barka da salla.

Washegari na cire takardun, amma magana zarar bunu ce. Kafin salla mai garuwa yana cewa zai kai ruwa gidan Makiyayi. Masu zuwa sayen ƙosai a wurin Yaya Hajara suka koma ce mata matar Makiyayi, tana cikin takaba. 'Ya'yansa a makaranta suka sha dambe a kan sunan, daga baya suka gaji suka riƙa amsawa. Shekaru suka wuce, masaƙa ta rufe, ciyawa ta fito a bakin ƙofar da nake zama. Zaman gari ya canja, kowa ya koma cikin nasa, Ticha ya kwashe iyalinsa zuwa Mahuta ba mu yi sallama ba. Babban ɗan yayana ya sayi gidan nan. Masu dariyar allon yawancinsu sun mutu, Ɗanladi ma ya mutu, sunan bai mutu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yanzu ba wanda ya san abin dariya ne. Ɗan yayana da kansa ya rubuta sunan da fenti a saman shagonsa. Jikoki suna bugawa a katin biki. Bara a masallacin unguwa liman yana addu'a ga magabata ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji Makiyayi." Yayana bai je Makka ba, bai kuma taɓa kiwon ko kaza ba. Na tare liman a waje na tambaye shi sunan mutumin na gaskiya, ya yi ta shafa gemu. Suna linzami ne, kuma an sa wa yayana na wani.

To a Talatar nan, ƙarfe shida da minti goma, Yaya Hajara ta ce, "Lawal, ba yarinyar nan takarda ta tafi, hanya da nisa. Ni da aka kira da sunan ina takaba ban mutu ba. Mutumin nan ya haƙa kabarin mijina."

Na tashi na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfe. Takardun suna nan inda na sa su, sun yi ja, ramukan ƙusa huɗu a kowace. Na fito na zauna ban miƙa ba.

Kaneng ta ce, "Baba yakan ce duk abin da ya koyar na wasu ne, wannan kaɗai ce tasa. Har yanzu yana iya faɗin wasu layuka da ka."

Na ce, "'Yata, wanda aka yi wa waƙar, mene ne sunansa?"

Ta dubi Yaya Hajara, ta dubi ƙasa. "Wallahi Baba, kullum Makiyayi yake cewa. Na ɗauka sunansa ke nan."

"Shi ma uban naki ya manta ke nan."

"Ban sani ba, Baba. Tsufa ne."

Na ce wa Hajiya ta miƙo mini biro. Na ɗora takarda ta farko a kan gwiwa, na rubuta a samanta da manyan baƙaƙe, da Hausa, har rubutuna ya hau kan layinsa na farko: sunan Allah, sannan Salihu ɗan Malam Idrisu, mutumin Zariya, marini, ya rasu ran sha tara ga watan azumi bayan azahar, Allah ya gafarta masa.

Kaneng ta miƙo hannu. "Ayya Baba, kun ɓata masa ita."

"Gyara ta na yi. Ki fara karanta masa wannan, sau biyu, a hankali, sai ya maimaita da bakinsa. Bayan nan ki karanta masa tumakinsa."

Ta karɓa ta sa a jaka. Aka kira salla. Ta ce ita ma tana nata azumin, Hajiya ta ba ta ruwan sanyi da kunu, ta sha tare da matan. Yaya Hajara ta ƙulla ƙosai a leda ta ce a kai wa Ticha, a ce tana gaishe shi da jiki. Kaneng ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran abin da zan ce a faɗa masa. Na ce ta gaida mahaifiyarta.

Ban sani ba ko ya maimaita. Ba ta dawo ba, ni kuma ban je ba. Mu da muka san sunan saura mu uku a tsakar gidan nan, kuma ƙaraminmu ya haura sittin.

Don haka kai da ka karanta wannan, abu ɗaya nake roƙonka, kuma ba ya cin kuɗi. Yau in ka ɗaga hannu, ko a masallaci kake ko a coci, ka faɗi sunan nan da bakinka yadda kunnenka zai ji: Salihu ɗan Malam Idrisu, marini. Ka roƙa masa gafara. Kada ka ƙara masa komai a kai.